Gwamna, Dokar Ta-ɓaci da 'Yancin Ɗan Ƙasa

Da yawa daga cikinmu 'yan gida mazauna birane mun ɗanɗani dokar hana fita. Waɗanda ke Kano a watan Mayun 2004, bayan rikicin Yelwan Shandam, ba za su manta yadda aka rufe kasuwanni, kowa ya shige gida tun da sauran rana ba. A lokacin mukan ce gwamna ya kafa dokar ta-ɓaci, alhali tsarin mulki bai ba shi wannan iko ba.

Sashe na 305 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora ikon a hannun Shugaban Ƙasa. Iyakar abin da gwamna zai yi shi ne ya roƙi Shugaban, shi ma sai kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar jiharsa sun amince. Idan an kafa dokar, dole Majalisar Tarayya ta tabbatar da ita, kuma wa'adinta wata shida ne sai in an sabunta. Hasali ma, gwamnonin ne dokar takan ci: a ranar 18 ga Mayu, 2004 Obasanjo ya dakatar da Joshua Dariye na Filato, ya naɗa Janar Chris Alli kantoma.

Amma gwamna na da wata sanda a hannu, wato Dokar Zaman Lafiyar Jama'a, wadda ta ba shi ikon ba da izinin taro ko jerin gwano, ikon da 'yan sanda suka riƙa amfani da shi yadda suka so. A watan Satumbar 2003 suka tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, wai ba a samu izini ba. Kwanaki kaɗan bayan haka Chuba Okadigbo, wanda ya halarci taron, ya rasu. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa neman izinin nan ya saɓa wa 'yancin taro da sashe na 40 ya tanada.

Dokar hana fita kuwa har yanzu ba a yi mata irin wannan shinge ba. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnoni suka kulle jihohinsu makonni, wasu suna dogaro da dokar killace masu cuta ta 1926, gadon Turawa. Mai yiwuwa kullen ya ceci rayuka, amma galibi gwamnan da ya sa shi ne kaɗai ke faɗin ranar ɗagewa, ɗan dako da mai shayi kuwa suna gida suna jira.