Zafi: Yadda Yake Aiki da Yadda Za Ka Sarrafa Shi a Gona da Gida

Duk mazaunin Madawa, Buza ko Kaita ya san zafi tun yana goye. A watannin Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi a jihar Tawa yakan wuce digiri 40 kusan kowace rana, wani lokaci ya kai 45, alhali a daren hunturu yakan sauko kusa da 15. Zafin nan shi ke nunar da gero, ya busar da kilishi, ya gasa tukunya. Shi ne kuma ke ƙone tsiro, ya lalata albasa, ya kwantar da tsoho da jariri. Ba ka da ikon rage rana, amma idan ka san hanyoyin da zafi yake bi, kana iya tare shi, ko ka kore shi, ko ka sa shi ya yi maka aiki.

Mene ne zafi?

Kowane abu, ƙarfe ne ko ruwa ko iska, ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kuma kullum cikin motsi suke. Idan motsinsu ya ƙaru, sai mu ce abin ya yi zafi. Idan ya ragu, mu ce ya huce. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: zafi yana tashi ne daga abin da ya fi zafi zuwa wanda bai kai shi ba, har su daidaita.

Ana auna shi da digiri a ma'aunin Salsiyos. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, yana tafasa a 100. Jikin mai lafiya yana kusa da 37. Alminiyam da ake zuba tukwane da shi yana narkewa a 660, kuma tanderun siminti irin na masana'antar Malbaza yana buƙatar kimanin 1,450.

Hanyoyi huɗu da zafi yake bi

1. Ta taɓawa. Bar ludayin ƙarfe cikin miya, ba da jimawa ba zai ƙone ka; muciya kuwa ba ta yi. Ƙarfe yana wuce da zafi da sauri. Itace, kara, ciyawa da busasshiyar laka suna jinkirta shi.

2. Ta motsin iska ko ruwa. Iska mai zafi ba ta da nauyi, saboda haka sama take yi, mai sanyi ta maye gurbinta daga ƙasa.

3. Ta haske. Haka zafin rana yake iso mu, haka kuma kake jin garwashi daga nesa. Baƙin abu yana shan wannan zafi, fari yana mayar da mafi yawansa, inuwa tana tare shi.

4. Ta tashin ruwa. Duk lokacin da ruwa ya zama tururi ya bi iska, yakan tafi da zafi mai yawa. Mayar da lita ɗaya tururi yana cin zafin da ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata don kai ta daga digiri 0 zuwa tafasa. Wannan shi ne sirrin gumi da na randa.

Duk shawarwarin da ke biye daga waɗannan huɗu suka fito.

A gona

Ma'aunin da ake faɗa a rediyo na iska ne a cikin inuwa. Fuskar rairayi ko fako da tsakar rana takan wuce digiri 50, kuma a nan ne tsiron gero yake fitowa. Shi ya sa shukar farko takan mutu idan ruwa ya ɗauke bayan ta tsiro, ko da akwai sauran laima a ƙasa. Kara da ciyawar da ka bari kwance a gona suna yi wa ƙasa inuwa, suna kuma rage tashin ruwa. Ramin tassa da rabin-wata suna tara ruwa da taki a gindin shuka, ƙasa mai laima kuwa ba ta ɗaukar zafi da sauri kamar busasshiya. Gawo yana da ganye a bazara, ya zubar da shi da damina, don haka yana kare ƙasa lokacin da take buƙata ba tare da ya hana gero rana ba. Kada ka sare ƙananan itatuwan da ke tohowa daga kututture; ka yi musu sassabe ka bar reshe biyu ko uku.

Yankinku yana da misalai biyu da duniya ta sani. A 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa dogon yaro a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza: layi biyu-biyu, da tazarar kimanin mita 100, a gicciye da hanyar iska. Layukan sun rage ƙarfin busasshiyar iskar da ke kwashe laima da ƙasa, amfanin gona ya ƙaru, aka kuma samu itacen gini da na wuta. A 1984 aka buɗe aikin raya karkara na Kaita da tallafin ƙasar Italiya da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Jama'a, yawancinsu mata, suka haƙa ramuka, suka jera duwatsu, suka dasa miliyoyin itatuwa a kan fako da gangaren duwatsu. Abin da aka dasa yana bukatar mai tsaro: inda aka sare layi ba a mayar ba, iska da zafi sukan dawo.

A rumbu da rudu

Manomin albasa na kwarin Tarka ya san cewa kuɗi suna wurin wanda ya iya ajiya, domin farashi yakan faɗi lokacin cira, ya tashi bayan wasu watanni. Albasa tana jure zafi idan iska busasshiya ce kuma tana ratsa ta. Abin da ke kashe ta shi ne rana kai tsaye, da zafi haɗe da laima. Ka daina ban ruwa kamar kwana goma kafin cira. Ka bar ta ta sha iska da ganyenta a rufe a kanta har wuyanta ya bushe. Ka ɗaga rudu daga ƙasa, ka bar ƙofofin iska a gindi da sama, kada ka cika shi maƙil, kuma ka riƙa fitar da wadda ta fara ruɓewa.

Irin shuka abu ne mai rai, zafi yana rage masa kwana. Masana iri sun ƙiyasta cewa ragin digiri 5 a wurin ajiya yana ninka tsawon ransa. Ka ajiye shi a busasshe cikin ɗakin laka, nesa da rufin kwano da murhu.

Ga wake kuwa, zafi magani ne. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ka ɗora baƙar leda, ka baza wake bai yi kauri ba, ka rufe da leda mai haske, ka naɗe gefuna. Sa'a biyu a tsakar rana ta bazara sukan kai zafin ciki sama da digiri 57, wanda ke kashe ƙwaron wake da ƙwansa. Bari ya huce kafin ka zuba a buhu mai hana iska.

A gini

Katangar laka mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ya isa ciki sai bayan sa'o'i. Shi ya sa soro yake da sanyi da rana, ya yi ɗumi da dare. Kwano kuwa nan take yake wuce da zafi, ya haskaka shi a kan na ciki. Idan rufinka na kwano ne, ka ɗaura zana ko tabarmar kaba a ƙarƙashinsa da ɗan fili a tsakani, ka shafe samansa da farin fenti, ka buɗe ƙananan tagogi kusa da rufi don iska mai zafi ta fita. Ka dasa itace a yammacin ɗaki, inda ranar la'asar take duka.

Farantin sola haske yake so. Zafi yana rage masa ƙarfi kaɗan-kaɗan da zarar ya wuce digiri 25. Kada ka kwantar da shi a kan kwano, ka bar iska ta wuce ƙarƙashinsa. Batir, fetur da tukunyar gas a inuwa ake ajiye su.

A madafa

A murhun duwatsu uku, mafi yawan zafin itace iska ce ke tafiya da shi. Abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. Murhun laka mai kewaye tukunya, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana tsare wuta inda ake so. Ki rufe tukunya, uwargida, ki jiƙa wake tun dare, ki yi amfani da busasshen itace. Idan ruwa ya tafasa, ƙarin wuta ba ya ƙara masa zafi, itace kawai yake ci.

Randa tana sanyaya ruwa ne domin yana tsatsowa ta jikinta iska tana ɗauka. Wani malami daga jihar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wata dabara a kan wannan ƙa'ida, har ya samu kyautar Rolex a 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Tumatir da gauta da ganye sukan ƙara kwanaki a ciki. Ta fi aiki da rani, domin iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima.

A jiki

Jiki yana fitar da zafi ta gumi, gumi kuma ruwa ne da gishiri. Idan ba a mayar da su ba, sai ciwon kai, jiri, kasala da fitsari kaɗan mai duhu su biyo baya. Wanda ya ga haka ya koma inuwa, ya sha ruwa. A lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe da rabin cokalin gishiri, ya riƙa kurɓa.

Idan jikin mutum ya yi zafi ƙwarai, hankalinsa ya rikice, ko ya suma, rai ne a bakin hanya. A cire masa tufafi masu nauyi, a zuba masa ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Kada a ɗura wa sumamme ruwa.

Tsofaffi, masu ciki, jarirai da masu hawan jini ko ciwon sukari su ne zafi ya fi kamawa. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ya ishe shi. A ƙara ba shi, uwa kuma ta ƙara shan ruwa. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe ko da yamma, na mutum da na shanun noma. Kaji ba sa gumi, haki suke yi, don haka kada inuwa da ruwa su yanke musu. Magani ma zafi yana ɓata shi: yawancin allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, kuma ƙwayoyin da suka wuni a rana a kan tire ba abin dogaro ba ne.

Me ya sa wannan ya zama dole yanzu?

Duniya tana ƙara ɗumi. Shekarar 2024 ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa, kuma a ranar 3 ga Afrilun shekarar aka auna digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali. Dabarun da ke sama ba sa bukatar kuɗi masu yawa, amma kafin bazara ake shirya su, domin rigakafi ya fi magani. Ku zauna a ƙungiyarku tun hunturu, ku duba rudu da rufin makaranta da layin itatuwa, ku ƙidaya tsofaffin da ke zaune su kaɗai, ku raba aikin a tsakaninku.