Baƙo da Ƙasa: Nazarin Kwatance Kan Asalin Sarauta a Rasha da Ƙasar Hausa

Rashawa da Hausawa sun yi tarayya a abu guda mai ban mamaki: kowannensu ya jingina farkon sarautarsa ga baƙo. Tsohon kundin tarihin da aka tattara a Kiyef a farkon ƙarni na 12 ya ce a shekarar 862 ƙabilun arewa suka gaji da rikici, suka gayyato Rurik daga tsallaken teku ya mulke su. A nan gida kuwa, Bayajidda ne ya taso daga Bagadaza, ya ratso Borno, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, ya auri sarauniya Daurama. Matsayin wannan maƙala shi ne, irin waɗannan labarai hujja ce da gidan sarauta ke kafawa don halatta mulkinsa; asalin birane kuwa, a yanayin ƙasa ya kamata a neme shi.

Labaran da kansu sun ba da shaida. Bayajidda bai tarar da kango ba: akwai gari, akwai rijiya, akwai sarauniya, kuma maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar da ita. Haka Tarihin Kano ya nuna Bagauda, sarkin Kano na farko, wanda lissafin Palmer, mai fassara littafin, ya sa a 999, ya iske jama'ar Dala da tsafinsu na Tsumburbura, wanda Barbushe ya yi wa hidima. Tama da aka narkar a gindin Dala ta kai ƙarni na 7. Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, ya ja hankali tun 1970 ga abin da Dala da Kufena da Kwatarkwashi suka haɗa: dutse da ake ganin mazaunin iskoki ne, ƙasar noma, ruwa, da mafaka ranar yaƙi. Wanda ya tashi daga Unguwar Shanu a Kaduna ya kama hanyar Zariya zai bar misali a gabas da hanya, wato duwatsun Turunku, inda sarautar Zazzau ta zauna kafin ta koma Kufena. A Rasha koguna ne suka yi wannan aiki. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai daji a arewa, fili a kudu, don haka Ladoga da Nobgorod da Kiyef duk a bakin ruwa suka tashi, kan hanyar da ke kai fatun dabbobi da zuma da bayi kasuwannin Rumawa da na Musulmi, dirhami kuma na komowa. A bakin kogin Bolga ne matafiyi Ibn Fadlan ya ga fataken Rus, wato mutanen su Rurik, a 922.

Za a ce wannan ra'ayi ya rage wa baƙi daraja, alhali an tono kayan mutanen Sikandinebiya, inda ake ganin Rurik ya fito, a Ladoga, kuma Wangarawa sun sauya fadar Kano a zamanin Yaji (1349–1385). Gaskiya ne, musun wannan son zuciya ne. Irinsa ya hura wutar gardamar masana Lomonosob da Mula kan asalin Rus a 1749, inda kishin ƙasa ya rinjayi hujja. Amma falke ba ya sauke kaya inda ba mai saye. Ladoga ta girmi shekarar 862 da kusan ƙarni guda, ganuwar Kano kuma tun zamanin Gijimasu aka soma ta, Wangarawa ba su ko iso ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce duwatsu sun yi yawa a ƙasar Hausa, birane kuwa kaɗan. To, ai ba dutsen kaɗai ake nufi ba. Dala ta samu tama da fadamar Jakara da ƙasa mai ɗaukar jama'a da yawa, sannan ta samu sarakunan da suka kewaye gonaki cikin ganuwa, har birni ya iya jure hari da tsarewa. Turunku ba ta riƙe sarautarta ba, kamar yadda Kiyef ta rasa fifiko, musamman bayan Mangolawa sun rushe ta a 1240, ƙarfi ya koma dazuzzukan arewa maso gabas inda Mosko ta bunƙasa.