Daga Kaset zuwa Xender: Wa Ke Biyan Kuɗin "Kyauta"?

1/ Jama'a, ku matso in ba ku tarihi. A 1990 fim ɗin Turmin Danya ya buɗe kasuwar kaset a Kano. Da wayoyi suka yawaita, masu tura fim suka durƙusar da cinikin faifan Kannywood.

2/ Yanzu abin ya koma kan manhajoji. Daga Titin Ibrahim Taiwo zuwa Sabon Gari, manhajar kuɗi a ɓagas ake tura wa mutum a tablet.

3/ Ba mu kaɗai ba ne. A 2015 masu wasan Monument Valley suka ce kashi 5 cikin 100 kacal na waɗanda suka sauke shi a Android ne suka biya.

4/ Tambayata: matashin Fagge da ke ƙirƙirar manhajar Hausa, wa zai sayar wa?