Tafiyar jirgin ruwa a gaɓar tekun Norway: daga Bergen zuwa Kirkenes

Kusan kowace rana da daddare, wani jirgin ruwa yana tashi daga birnin Bergen da ke kudu maso yammacin Norway, ya nufi garin Kirkenes da ke can ƙuryar arewa, dab da kan iyakar ƙasar da Rasha.

Jirgin yana yada zango a tashoshi 34, kuma zuwa da komowa na ɗaukar kimanin kwana 11. Mutanen ƙasar suna kiran wannan hanya Hurtigruten, wato hanya mai sauri.

A wurin masu yawon buɗe ido, tafiya ce ta hutu da kallon tsaunuka. Amma a wurin mazauna ƙananan garuruwan arewa, jirgin shi ne motar haya, kuma shi ne mai kawo musu kayan masarufi.

Mene ne fiyod?

Fiyod wani dogon lungu ne na teku mai zurfi, wanda ya kutsa cikin ƙasa tsakanin tsaunuka masu tsayi. Norway tana da irin waɗannan lunguna fiye da 1,000.

A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, manyan tulin ƙanƙara sun riƙa gangarowa sannu a hankali daga tsaunuka zuwa teku, suna nuƙe dutse, suna haƙa kwari masu zurfi. Da ƙanƙarar ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai ruwan teku ya cike kwarin.

Mafi girma a cikinsu shi ne Sognefjord, mai tsawon kilomita 205, wanda zurfinsa ya kai kusan mita 1,300. A 2005 hukumar UNESCO ta sanya biyu daga cikinsu, Geirangerfjord da Naeroyfjord, a jerin wuraren tarihi na duniya.

Duk da kusancin wannan gaɓa da doron duniya na arewa, tashoshinta ba sa daskarewa da hunturu. Dalili shi ne wata igiyar ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Mexico, ta ratsa tekun Atlantika, ta bi ta gefen Norway.

Tarihin hanyar

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, arewacin Norway tamkar wata duniya ce dabam. Babu hanyoyin mota ko na jirgin ƙasa, kuma matuƙa suna tsoron tafiyar dare saboda duwatsun da ke ɓoye a cikin ruwa. Da hunturu, wasiƙa kan yi watanni kafin ta isa Hammerfest.

Gwamnati ta yi tayin ba da tallafi ga duk kamfanin da zai riƙa zirga-zirga dare da rana, rani da hunturu. Wani kyaftin mai suna Richard With ne ya amsa. A ranar 2 ga watan Yulin 1893 ya tashi daga Trondheim a cikin jirginsa mai amfani da tururi, Vesteraalen, ya isa Hammerfest cikin ƙasa da kwana uku.

A 1898 aka tsawaita hanyar zuwa Bergen, daga bisani kuma ta kai Kirkenes.

A lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Jamus ta mamaye Norway, an nutsar da jirage da dama na wannan hanya. A 1941 wani jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya ya harbi jirgin da aka raɗa wa sunan Richard With, inda kusan mutum 100 suka rasa rayukansu.

Yanzu kamfanoni biyu ne ke raba hanyar a ƙarƙashin kwangilar gwamnati: Hurtigruten mai jirage bakwai, da Havila mai jirage huɗu, wanda ya soma aiki a 2021.

Manyan zangon tafiyar

Bergen tsohuwar cibiyar cinikin kifi ce, inda fatake Jamusawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna kasuwanci a unguwar Bryggen mai gidajen katako.

Washegari jirgin kan isa Alesund, garin da gobara ta cinye a 1904, ta bar mutane kusan 10,000 ba su da matsuguni, aka sake gina shi da dutse da bulo. Da bazara, daga nan ne jirgin ke ratsewa zuwa Geirangerfjord, inda ruwa ke kwararowa daga ƙololuwar tsaunuka.

Bayan Trondheim, wanda aka kafa a 997, jirgin yana tsallaka layin da ya shata yankin Aktik, ya isa Bodo, sannan ya haye zuwa tsibiran Lofoten. Kusa da nan ne Trollfjord yake, wanda faɗin bakinsa bai wuce kimanin mita 100 ba. Idan yanayi ya yi kyau, jirgin yakan shiga, ya juya a cikinsa ya fito.

Daga Tromso, birni mafi girma a arewacin ƙasar, ana shiga lardin Finnmark, ƙasar al'ummar Sami masu kiwon barewar ƙanƙara. Sojojin Jamus sun ƙone mafi yawan garuruwan lardin a lokacin da suke ja da baya a 1944 da 1945, shi ya sa ba a cika ganin tsofaffin gine-gine a nan ba.

A Honningsvag fasinjoji kan sauka su shiga mota zuwa Nordkapp, wani dutse mai tsayin mita 307 da ke fuskantar tekun arewa. Kirkenes kuwa, inda jirgin ke juyowa, ya fi birnin Santambul na Turkiyya nisa ta gabas.

Kifin Lofoten da kasuwannin Nijeriya

Tsakanin watan Janairu da Afrilu, kifin kod yana gangarowa daga tekun Barents domin yin ƙwai a Lofoten. Masunta suna rataye shi a kan manyan rumfunan katako, iska mai sanyi ta busar da shi har tsawon watanni, ba tare da an sa gishiri ba.

Italiya da Nijeriya suna cikin manyan masu sayen wannan busasshen kifi, kuma Nijeriya ce babbar kasuwar kawunansa. Shi ne wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa kuma panla. An kai shi da yawa a matsayin kayan agaji a lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970.

Ranar tsakar dare da dogon duhu

Lokacin da matafiyi ya zaɓa shi ne zai yanke abin da zai gani. A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga watan Mayu har zuwa wajen 22 ga watan Yuli. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa sam.

A watannin duhu ne ake ganin hasken arewa, wani haske kore ko ja da ke rausaya a sararin samaniya. Yana samuwa ne idan ƙwayoyin makamashi daga rana suka ci karo da iskar da ke can saman duniya. Sai dai gajimare na iya rufe shi har a gama tafiyar.

Wannan yanayi yana jawo tambaya game da lokutan salla da azumi. Musulmin Tromso, waɗanda ke da masallacin Alnor, suna bin lokutan Makka a makonnin da babu fitowa ko faɗuwar rana, bayan da suka nemi fatawar malamai.

Haɗari da gurɓatar muhalli

Mafi yawan tafiyar tana bi ne ta tsakanin tsibirai, inda ruwa yake kwance. Amma akwai wurare kamar Stad da Hustadvika da Folda inda jirgi ke fita fili, igiyar ruwa ta riƙa jijjiga shi, fasinjoji su yi ta fama da jiri da amai.

A 1962 jirgin Sanct Svithun ya saki hanya ya daki dutse a Folda, mutum 41 suka mutu. A watan Maris na 2019 kuma injinan wani babban jirgin yawon shaƙatawa, Viking Sky, wanda ba ya cikin jiragen wannan hanya, suka mutu a Hustadvika ana tsakiyar guguwa, da mutum 1,373 a ciki. Jirage masu saukar ungulu sun kwashe fiye da 470 kafin a shawo kan lamarin.

Wata matsalar ita ce hayaƙi. Geiranger ƙauye ne mai mutane 'yan ɗaruruwa, amma baƙin da ke zuwa a shekara sun kai dubban ɗaruruwa, kuma hayaƙin manyan jirage yakan taru ya tsaya tsakanin tsaunuka.

Saboda haka gwamnati ta kafa dokar hana jiragen fasinja fitar da hayaƙi mai ɗumama yanayi a lungunan da UNESCO ta amince da su: ƙananan jirage daga 2026, manya kuma daga 2032. Jiragen Havila suna amfani da iskar gas da manyan batura, waɗanda ke ba su damar tafiyar sa'o'i ba ƙara, ba hayaƙi.

Abin da matafiyi ke buƙata

Norway ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen. Don haka 'yan Nijeriya da Nijar suna buƙatar bizar Schengen. Kuɗin ƙasar shi ne krone, kuma tana cikin ƙasashe mafiya tsadar rayuwa a Turai.

Ba dole ba ne mutum ya yi tafiyar gaba ɗaya, domin ana sayar da tikiti daga wannan tasha zuwa waccan. A manyan birane jirgin yakan tsaya na sa'o'i, a ƙananan tashoshi kuwa mintoci kaɗan ne, iya lokacin sauke kaya, kuma ba ya jiran wanda ya makara. Ana buƙatar tufafi masu kauri ko da bazara ne.

Matsayin hanyar a zukatan mutanen ƙasar ya fito fili a watan Yunin 2011, lokacin da gidan talabijin na ƙasa, NRK, ya nuna tafiyar jirgin Nordnorge kai tsaye daga Bergen zuwa Kirkenes har tsawon sa'o'i 134. Kimanin rabin al'ummar Norway ne suka kalli wani ɓangare na shirin, yayin da mazauna gaɓar suka riƙa fitowa da tutoci suna yi wa jirgin maraba a kowace tasha.