Daga Keken Rubutu zuwa Laftof: Tarihin Gyaran Madannai a Yamai

Akwai ƙorafin da ake yawan ji daga bakin tsofaffin ma'aikata a Yamai, cewa masu gyara sun ƙare, saura ƴan canji. A da, in ji su, in keken rubutu ya cije, mutum ɗaya ne zai zo da ƴar jakarsa ya kwance shi, ya wanke, ya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, ya tafi ya bar shi yana aiki shekara da shekaru. Yanzu kuwa in ruwa ya zube wa laftof ka kai ta wajen samarin da ke kewayen Babbar Kasuwa, abin da za ka ji shi ne, "Alhaji, wannan kibod ɗin ya tafi, sai dai a sa wani." Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya ɗora laifi inda bai kamata ba. Duk wanda ya bi tarihin sana'ar tun zuwan keken rubutu garin zai ga cewa gwaninta ba ta ragu ba. Abubuwa uku ne suke yanke hukunci tsakanin gyara da musanya, jiya da yau, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke hannun mai gyara: nisan Yamai da teku, ƙarfin kuɗin da ke aljihun mai kaya, da yadda masana'anta ta ƙera na'urar tun farko.

Keken rubutu ya kafu a Yamai ne tare da mulki. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram suka maido shi bakin kogin Isa, ofisoshi suka biyo baya, akawuna da sakatarori suka biyo ofisoshi. Garin bai da girma a lokacin, domin ko a 1960, shekarar samun ƴancin kai, mutanensa ba su wuce kimanin 30,000 ba. Duk keken da ya iso teburin akawu ya sha hanya: jirgin ruwa ya sauke shi a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai shi Paraku, mota ta ɗauko shi ta Gaya da Doso, tafiyar kilomita dubu da ƴan kai. Wanda zai jira a aiko masa da ɗan ƙaramin ƙarfe daga Faransa ta wannan hanya, aikinsa ya tsaya ke nan wata da watanni. Saboda haka dole ce ta haifi makanikin keken rubutu, na'urar kuma ta ba shi dama. Jikinta duk ƙarfe ne da sukurori, ana ganin kowane gaɓa da ido, ana kai masa hannu. Babban abokin gabarta ƙurar hunturu ce da ke haɗuwa da mai ta daskare, maganinta kuwa buroshi da kananzir. In ruwan sama ya same ta, iyakar ɓarnarsa tsatsa, a shanya, a goge, a ɗiga mai, a ci gaba da bugu. Dattijon da ke yabon mai gyaran wancan zamani, rabin yabon na wanda ya ƙera keken ne.

Rediyo ce ta shigo da ilimin lantarki cikin sana'ar. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a 1962, aka soma koyar da yara ta talabijin a 1964. Ƙananan rediyoyi masu batir suka bazu cikin gari da ƙauye, tare da su kuma aka sami mutumin da ya iya narka dalma, ya iya bin layin wuta da mita har ya gano inda ta yanke. Kuɗin yuraniyom, wanda aka soma haƙowa a Arlit a 1971, ya faɗaɗa ma'aikatun gwamnati ya cika su da injuna, amma da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai sayen sabo ya gagara. Daga baya, a watan Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi dare ɗaya. A irin wannan hali ne kasuwar Katako ta ƙara suna, inda tsohon ƙarfe da gwangwani ke komawa tukunya da murhu, abin da wani ya yar ya zama jarin wani. Mai gyaran rediyo ma haka yake yi: a ƙarƙashin teburinsa akwai tulin matattun rediyoyi, yana ciro lafiyayyen gaɓa daga wannan ya dasa wa waccan. Ashe musanya ba baƙuwa ba ce a sana'ar, tana nan tun kafin a haifi samarin da ake zargi da ita.

Wani ɓangare na tarihin ya ƙara nuna wanda ke da ta cewa a kan madannai. Keken da ya zo Yamai da jerin haruffan Faransanci ya zo, wanda ke farawa da AZERTY, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Mai buga Hausa sai ya gama shafi sannan ya bi da alƙalami yana ɗora wa haruffa lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Masana sun zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin hukumar UNESCO don daidaita rubutun harsunan yankin, suka sake zama a nan Yamai a 1978 suka fitar da jerin haruffan da harsunan Afirka za su dogara da shi. A 1982 wasu masana biyu, Michael Mann da David Dalby, suka sake fasalin jerin, har aka tsara allon madannai na keken rubutu aka laƙaba masa sunan Yamai. Bai taɓa zama ruwan dare a kasuwa ba. Gwamnatin Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yau babu laftof ɗin da ke zuwa kasuwa da ƙ a kan maɓallinta. Ga kuma rabuwar da mulkin mallaka ya bari: hannun ɗan Yamai ya saba da AZERTY, alhali kwamfutocin da ke shigowa daga Najeriya, Dubai da Amurka galibi QWERTY ne. Mai gyara ne ke sasanta wannan, ya sauya tsarin a cikin kwamfutar, ya manna ƴan takardu masu haruffa a kan maɓallai, ko ya nemo kibod ɗin da ya dace da hannun mai kaya.

Sai a duba abin da ke ƙarƙashin yatsa a laftof, don a ga ko akwai abin da za a miƙe ko a ɗiga wa mai. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan ƙoƙon roba, ƙarƙashinsa kuma falle uku na leda mai kaurin takarda. Na sama da na ƙasa an zana musu layukan wuta da tawada mai azurfa, na tsakiya yana da huda daidai kowane harafi, in an danna sai layukan biyu su taɓa juna. Layi ɗaya yana ɗauke da haruffa da yawa, shi ya sa in ya yanke za ka ga haruffa huɗu ko biyar sun mutu tare. Ruwa in ya kutsa tsakanin fallayen nan ba ya fita da sauri, in kuma batir na haɗe, wutar da ke bi ta cikin danshin ita ke cin layukan. Shayin fada ya fi ruwa ɓarna, saboda ruwan yana bushewa ya bar sukari, sukarin ya riƙe maɓalli ya kuma ci gaba da jawo danshi. Fallayen a liƙe suke tun daga masana'anta, raba su ba tare da yagewa ba aikin yini ne, kuma ko an cike layin da ya yanke babu tabbacin wani ba zai biyo baya ba. Mai gyaran da ya ce a sa wani, lissafi ya yi: kuɗin yinin da zai ɓata ya kusan kai kuɗin kibod ɗin da aka ciro daga wata matacciyar laftof, aikin kuma ba zai daɗe ba.

To ina gwanintar ta tafi? Ta sauka ƙasa, inda idon mai kaya ba ya gani. Kibod shi ne rufin laftof, abin tsoro shi ne ruwan da ya wuce shi ya kai ga babban allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar. Gwanin mai gyara abin da yake fara tambaya shi ne, "Ka kunna ta bayan ta jiƙe?" Daga nan ya cire batir, ya fito da allon, ya sa gilashin ƙara girma yana neman farin gari ko koren tsatsa a ƙafafun gaɓoɓin da ba su kai ƙwayar gero ba, ya wanke da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya bi layi da mita, ya ɗaga gaɓar da ta ƙone da iska mai zafi ya dasa wata. Wannan aikin jikan na mai gyaran rediyo ne, kuma ya fi shi ƙanƙanta da wuya. Hatta musanyar kanta ta ƙara wahala. A laftof ɗin shekarun 2000 sukurori biyu ko ƴan maƙalai ke riƙe da kibod, minti kaɗan an ɗaga shi. A yawancin sirara na yanzu an haɗe shi da murfin sama da ɗimbin ƙusoshin roba da aka narka, don masana'anta so take a sayi murfin gaba ɗaya. Mai gyara a Yamai sai ya yanke kawunan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa sabon kibod, ya sake narka su da ƙarfen dalma. Matsalar ba ta Afirka kaɗai ba ce. Kamfanin Apple ya amince a 2022 zai biya dala miliyan 50 kan ƙarar da aka kai shi saboda kibod ɗin da ɗan tsaki ke kashewa, Faransa kuma tun Janairun 2021 ta wajabta a rubuta wa laftof maki da ke nuna sauƙin gyaranta.

Akwai sukar da ta fi ta dattawa nauyi, wato cewa sana'ar a kan sharar Turai take zaune. Wannan gaskiya ce da ba a musunta. Cikin tsofaffin kwamfutocin da ake saukewa a tashoshin ruwan Afirka ta Yamma akwai waɗanda tun can matattu ne, duk da yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 da suka taƙaita shigo da shara mai guba, abin da ya saura bayan an tsince masu amfani kuma a bola yake ƙarewa, wani lokaci a wuta. Amma maganin wannan yana wajen duwan da masu ba da izinin shigo da kaya. Mai gyara shi ne kaɗai a cikin jerin da aikinsa ke rage sharar, domin duk laftof ɗin da ya tayar ya jinkirta zuwanta bola da shekaru. Akwai kuma masu cewa a cikinsu akwai macuta, masu cire lafiyayyen kaya su sa mai rauni. Akwai su, kamar yadda ake da su a kowace sana'ar da mai kaya bai san cikin kayansa ba, abin da ke hana su sakewa kuwa shi ne ƙungiya mai ladabtarwa da horo mai takardar shaida.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna tsoffin dalilan nan uku suna nan daram. Garin da ya haura mutum miliyan ɗaya a ƙidayar 2012 ya bazu har cikin kwarin kogi, a watan Satumban 2020 kuma ruwan Isa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy a ƙetaren gadar Kennedy, ɓangaren da Jami'ar Abdu Mumuni take. Ɗalibin da laftof ɗinsa ta jiƙe da aikin digirinsa a ciki, sayen sabuwa ba ya cikin lissafinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya hau. Duk sanda haka ta faru, tsohon kibod da ke ƙarƙashin tebur darajarsa tashi take, kamar dai yadda ta kasance a 1994.

Saboda haka a daina auna mai gyaran yau da ma'aunin keken rubutu. Abin da ya kamata shi ne hukumomin da ke saya wa ma'aikatu da makarantu kwamfutoci su riƙa zaɓen waɗanda ake iya kwance kibod ɗinsu da batirinsu, makarantun koyon sana'a kuma su ɗauki gyaran allon kwamfuta da muhimmanci, su jawo gwanayen kasuwa su koyar. Kai kuma mai laftof, in ruwa ko shayi ya zube mata, kashe ta nan take, zare caja, kifa ta, kada ka binne ta cikin shinkafa, kada ka kunna don ka ga ko tana aiki. Kai ta wajen mai gyara a ranar, tun ɓarnar tana kan kibod ba ta sauka kan allo ba.