Kayan Da Suka Kwana A Caji Ofis: Abin Da Tarihi Ya Nuna



A shekarar 2013, ina ɗan firamare, aka tare motar da ta ɗauko albasar mahaifina a hanyar shigowa Ibadan, wai ana zargin direban da wani laifi da bai shafe mu ba. Aka wuce da mota caji ofis, da buhu 40 na Baba a cikinta. Kwana 9 dattawan Sabo suna kai da komo suna ba da baki. Ranar da aka saki motar, rabin albasar ta ruɓe, wasu buhunan kuma babu su babu labarinsu, kuma ba mu da takarda ko guda da ke nuna adadin abin da aka karɓa. Baba ya ce ƙaddara ce. Ni kuwa da na yi wayo sai na shiga bin diddigin abin da doka ta ce.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da kakanninmu aka fara wannan aiki a ƙasar nan. Bayan Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861, wani jami'insu mai suna Glover ya haɗa rundunar Hausawa masu ɗauke da makami a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu. A 1930 aka haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya, sannan a 1943 aka yi mata dokar da ta yi aiki, da 'yan gyare-gyare, har zuwa 2020.

Ita wannan tsohuwar doka ta bi sahun wata dokar Ingila ta 1897, kuma ta fayyace maganar kaya. Idan kaya suka shiga hannun 'yan sanda, kotun majistare ce ke da ikon cewa a mayar wa mai su, kuma shi kansa mai kayan yana iya shigar da buƙatar. Idan an rasa mai su, kotun ce dai za ta ce a sayar, a zuba kuɗin a asusun tukuicin 'yan sanda. Wanda yake ganin an ba wani kayansa yana da wata 6 ya kai ƙara. Kayan da ke lalacewa kuwa, irin albasa da tumatir, an yarda a sayar da su nan take, amma sai a riƙe kuɗin har wata 6 ko mai su zai bayyana. To jama'a kun ga ashe akwai hanyar da albasar Baba za ta koma kuɗi tun ba ta ruɓe ba, mu ne ba mu san da ita ba.

Sai dai kotu ba ta aiki da fatar baki. In ka ce buhu 40 aka karɓa, wani ya ce 30 ne, wa za a gaskata? Dokar shari'ar masu laifi ta tarayya ta 2015, a sashe na 10, ta ce wanda ya yi kamu ya rubuta duk abin da ya karɓa, shi da wanda aka kama su sa hannu, a ba shi kwafi ko a ba lauyansa. Ana iya sakin kayan bisa takardar alkawari kafin a gama shari'a, kuma in ba a tuhumi mutum ba, kayan da ba su da alaƙa da laifi a mayar masa. Sabuwar dokar 'yan sanda da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2020 ta ɗauki wannan ƙa'ida ta rubuta kaya, kuma tana aiki a duk ƙasa. Wata dokar ta 2022 ta ba da dama a ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ko ba a yanke wa kowa hukunci ba, amma ita ma sai da umarnin kotu.

Mu a nan mun saba da zarar abu ya faru a garzaya gidan Sarkin Hausawa, kuma wallahi sulhunsu ya ceci mutane da yawa. Amma sulhu bai hana a riƙe takarda ba. Ku adana rasit da takardar lodi, ku sa alama a buhunanku, ku faɗa wa direba kada ya sa hannu sai an ƙirga kaya a gabansa, kuma ya nemi kwafinsa cikin ladabi. In kayan gwari ne, kada a jira kwana 9 kamar yadda muka yi, a nemi lauya tun ranar farko.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya mayar wa duk wanda ya yi asara da mafi alheri, amin. Wassalam.