Daga Sassaƙen Katako Zuwa Kwamfuta: Tarihin Buga Zanen Ƙirar Sinadarai

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda masana kimiyyar sinadarai suka yi ta fama wajen shigar da zanen ƙirar sinadarai cikin littattafai da mujallu. Abin da muke nufi da zanen ƙira shi ne hoton da ke nuna yadda ƙwayoyin zarra suke haɗe da juna a cikin sinadari. Za mu nuna cewa sau da yawa halin maɗaba'a yana da hannu wajen zaɓen irin zanen da ya rayu.

Da'ira da Harafi

A shekarar 1808 John Dalton na Ingila ya buga alamominsa, inda ya ba kowace zarra da'ira mai nata ado a ciki. To, amma irin waɗannan alamomi babu su a akwatin mai jera haruffa, sai an sassaƙa su musamman. A tsakanin 1813 da 1814 Berzelius na Suwidin ya kawo shawarar a yi amfani da haruffa, wato C a madadin kabon, O a madadin oksijin, kuma cikin hujjojinsa har da sauƙin rubutu da na ɗab'i. Dalton bai yarda ba har ya rasu a 1844, amma haruffan su suka yi rinjaye.

Shigowar Layi

Harafi yana faɗin abin da ke cikin sinadari, amma ba ya nuna wace zarra ke riƙe da wace. A 1858 Archibald Couper ya fara ja layi tsakanin alamomin. A 1861 Josef Loschmidt ya buga wani ɗan littafi a Biyana da kuɗin aljihunsa, mai ɗauke da zane fiye da 300, sai dai bai sami masu karatu ba. Zanen Crum Brown na Sikotilan, wanda ya fito a 1864, shi ya sami karɓuwa, musamman bayan da Edward Frankland ya sa shi cikin littafinsa na ɗalibai a 1866. Daga baya aka yar da da'irorin da Brown ke kewaye haruffa da su, aka bar haruffa da layuka kawai.

Wahala ta dawo da Kekulé ya bayyana, a 1865, cewa zarrar kabon shida na benzin zobe suka yi. Haruffan dalma a jere suke tafiya, zobe mai kusurwa shida kuwa yana bukatar karkatattun layuka. Sa'an nan a 1874 van 't Hoff ya nuna cewa ƙirar tana da tudu da kwari, alhali takarda shimfiɗaɗɗiya ce. Saboda haka aka ƙago dabaru, irin na Emil Fischer na 1891, da layi mai kauri da ke nufin zarra ta taso wajen mai karatu.

A nan kuskuren ɗab'i ya zama abin tsoro. Idan aka juya irin wannan zane kamar a madubi, to wani sinadari dabam aka buga. Alal misali, dopa iri biyu ce, kamar hannun dama da na hagu: ɗaya tana maganin ciwon karkarwa na Parkinson, ɗayar ba ta da wannan amfani.

Zamanin Tafireta da Kwamfuta

A mafi yawan ƙarni na 20 marubuci da kansa, ko mai yi masa zane, ke zana ƙira da alƙalamin tawada da ma'aunin roba mai huji, a yanka a manna a gurbin da aka bari cikin takardar tafireta, sa'an nan a ɗauki hotonta. Gyara kaɗan kan jawo a sake aikin daga farko. Wasu suka nemi mayar da zanen layin rubutu guda: William Wiswesser a 1949, da David Weininger a 1988 da tsarinsa na SMILES, inda CCO ke nufin etanol.

A 1985 Stewart Rubenstein, tare da David Evans da Sally Evans, suka fito da ChemDraw a Jami'ar Harvard ta Amurka, don kwamfutar Macintosh. Daga nan aka sami damar kwafe zane a sa shi cikin wata takarda ba tare da almakashi ba. Duk da haka an sami sabuwar matsala: zanen da aka ajiye a matsayin layuka yana fita tsaf komai girman da aka ba shi, wanda aka mayar hoto mai ɗige-ɗige kuwa yakan dushe, har layi mai kauri ya yi kama da siriri.

Kammalawa

Mun ga cewa kowane zamani ya sauƙaƙa wani abu, ya kuma zo da irin nasa kuskure. Shawararmu ga malamai da masu tace mujallu ita ce kada a amince da zane sai masanin fannin ya duba shi a kan takardar gwaji ta ƙarshe, domin abin da aka buga shi ɗalibi zai haddace.